Masta a kan tafiyar da gidan abinci: abin da ya kamata iyali su sani kafin su saki kuɗi



Ga yaro ya samu bak, ya yi shekara 3 a jami'a, ya ida lisansi. Gida ana murna, ana jira ya fara aiki ya kama wa tsoho. Sai ya zo ya ce shi bai gama ba, yana so ya ƙara shekara 2, ya yi masta a kan tafiyar da gidan abinci. Inna ta dube shi ta ce: "Kai ɗan nan, duk wanga karatu da ka yi, tuwo za ka koma saidawa?" Tsoho bai ce komi ba, amma ya san inda maganar za ta ƙare. Ko a taɓa bisashe, ko a jinginar da gona, ko kuma a buga wa yayan yaron waya, wanda ke biɗa a Abijan ko Kumasi ko Libiya, a ce masa ƙanenka na son taimako.

Tun da kuɗin daga aljihun iyali za su fito, iyali na da haƙƙin su san abin da za su saya. Shi ne muka ce bari mu warware wannan karatu yau, mu ga abin da ke cikinsa, inda ake yinsa, nawa yake ci, da kuma wanda ya dace da shi.

Da farko dai, amsar Inna. A'a, ba dahuwa ake koya wa mutum a masta ba. Dahuwa da hidimar baƙi ana koyonsu tun ƙasa, a makarantun sana'a, inda ake bada CAP ko BEP ko BTS, ko kuma a bakin murhu wajen wanda ya iya. Masta, a tsarin da jami'o'inmu ke bi yanzu na lisansi, masta, dokta, shi ne shekara ta 4 da ta 5 bayan bak. Wanda ya yi shi a wannan fanni ana shirya shi ne ya riƙe gida gaba ɗaya: kuɗi, ma'aikata, saye, ajiya, tsabta, doka. Kuma yawancin makarantu ba su ware gidan abinci shi kaɗai, suna haɗa shi da otel, wani lokaci har da yawon buɗe ido. Saboda haka in yaro ya nuna muku takarda kun ga sunan otel a kai, ba sauya magana ya yi ba, haka fannin yake.

Lissafin tukunya

Zuciyar karatun lissafi ne. Bari mu ɗauki misali, kuma ku riƙe cewa misali ne kawai, kowa ya sa farashin garinsu.

A ce wata baiwar Allah na da gidan abinci kusa da tasha. Kullum tana dafa shinkafa da miya na kwano 100, kowane kwano dala ɗari, wato sefa 500. In ta saida duka, ta samu jikka 50. Shinkafa, mai, nama, albasa, tumatir da sauran kayan miya sun ci jikka 28. Itace ko gas, ruwa da kuran, jikka 4. Yara masu taya ta aiki, jikka 6. Haya da fatanti, in an raba su kan kwanaki, jikka 3. An kashe 41, saura jikka 9. Ba laifi, ana iya rayuwa da wannan.

To amma yarinyar da ke zuba abinci hannunta na da nauyi, ludayinta kan ɗan tsere. Tukunyar da aka auna don kwano 100 sai ta ƙare a 90. Jikka 5 sun tafi, kuma ba wanda ya sata. Sannan ga ɗan ƙanen maigida ya biyo da abokansa biyu, ga direba da ya ce a rubuta sai ya dawo daga Konni, ga wasu biyu da ba a iya ce wa a'a. Kwano 6, jikka 3. Ribar jikka 9 ta koma jikka 1. Matar nan tun asuba take tsaye, gidanta cike da mutane, maƙwabta na cewa ta yi arziki, ita kuwa ƙarshen wata ba ta iya biyan mai shinkafa. Kuma ba ta san ta inda kuɗin suka zurare ba, don ba ta taɓa auna ludayi ba.

Abin da ake koyarwa kenan, sai dai a babban mataki. Kowane abinci na da takardarsa: giram nawa na shinkafa, nawa na nama, nawa ya kama. Ana koyon sanin kwano nawa ne dole a saida kafin a fara maganar riba, da yadda ake ƙirga kayan sito, da dokar nan mai sauƙin faɗi mai wuyar bi, cewa kayan da suka riga shiga su za su riga fita. A littattafan Turai da Amurka za ka ji ana cewa kayan abinci kada su wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka saida kwano. A ganinmu wannan ma'auni nasu ne. Can ma'aikaci ne mai tsada. Nan kuwa buhun shinkafa da jarkar mai ne ke cin kuɗi, kuma mai saye ba shi da ƙarfin da za a ɗora masa. Ɗalibin da ya haddace kashi ɗaya cikin uku ya dawo Maraɗi ya sa farashi da shi, zai zauna shi kaɗai da kujerunsa.

Akwai wata dabara da ake koyarwa kusan ko'ina, wadda wasu malamai biyu na jami'ar jihar Mishigan ta Amurka, Michael Kasavana da Donald Smith, suka fitar a 1982. Sai ka jera abincin da kake saidawa, ka yi wa kowane tambaya biyu: ana sayensa da yawa? Yana barin riba mai kauri? Wanda ya ci duka biyu, ka riƙe shi da kyau, kada ka taɓa ɗanɗanonsa. Wanda ake saye sosai amma ribarsa siririya, kamar shinkafa da miya a wurare da dama, shi ke kawo mutane, sai a lallaɓa a rage masa ɓarna. Wanda ke da riba amma ba a cika tambayarsa ba, a ce gasasshen zabo, sai a nemi yadda za a sa shi gaban idon mutane. Wanda ba ya tafiya kuma ba riba, a sallame shi, ko da mai gidan na son sa. Duk mai tuwon da ta daɗe a kasuwa ta san wannan a cikinta. Bambancin shi ne ɗan makaranta zai iya yinsa a rubuce, ga gidaje goma a lokaci guda.

Tsabta, wadda ba ta tsaya ga shara ba

Sashe na biyu mai nauyi shi ne kare lafiyar mai ci. Akwai wani tsari da ake kira HACCP, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960, lokacin da hukumar NASA ke neman abincin da ba zai sa wa ƴan sama jannati ciwon ciki ba, tare da kamfanin Pillsbury. Yau shi ne ma'aunin da manyan otel da kamfanoni ke bi a duniya. Ma'anarsa a taƙaice: ka bi abinci tun daga mahauta har bakin mai ci, ka gano wuraren da zai iya lalacewa, ka sa ido a nan, ka rubuta abin da ka gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ku tuna da zafin Afrilu da Mayu a Tawa ko Damagaram, da ya kan haura digiri 40 a inuwa, ga kuma kuran na ɗaukewa firigo ya huce. Dafaffiyar shinkafa ma, wadda mutane ke ganin ba ta da illa, tana da ƙwayar cutar da ke jure dahuwa, in aka bar ta ta kwana a tukunya sai ta fitar da dafi, kuma ɗumame ba ya kashe shi. Mai dafa wa mutum 20, in an samu matsala, magana ce ta unguwa. Mai dafa wa ɗalibai 2,000, magana ce ta asibiti da kotu. A nan ne takarda ke da amfani na gaske.

Sai riƙon mutane. Tsarin da manyan kicin ke bi, inda kowa ke da wurinsa, mai miya daban, mai gashi daban, mai kayan sanyi daban, duka ƙarƙashin shugaba guda, wani Bafaranshe ne mai suna Auguste Escoffier ya daidaita shi a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin yana aiki a otel ɗin Savoy na birnin Landan. Ɗalibin masta zai ɗora a kan wannan da dokar aiki, kwantiragi, albashi, rajistar ma'aikata a CNSS, lampo, talla, da yadda ake rubuta tsarin kasuwanci a kai banki. A ƙarshe akwai sitaj na wasu watanni a wani gida, da kundin bincike da zai rubuta ya kare gaban malamai.

Ina ake yi, nawa yake ci

Makarantun da suka yi suna a wannan fanni tsofaffi ne. Ta Lozan a ƙasar Suwis an buɗe ta a 1893, ita ce makarantar otel ta farko a duniya. Ferrandi ta birnin Paris tun 1920. Ta jami'ar Cornell a jihar Niyok ta Amurka tun 1922. Waɗannan, mu faɗi gaskiya, ba na ɗan talaka ba ne sai in an ɗauki nauyinsa. A Cornell kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala dubu 60, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa 5 ba.

A Faransa, jami'o'in gwamnati kamar ta Tuluz da ta Anje na da masta a fannin otel da abinci, kuma sun fi makarantu masu zaman kansu sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka, tun 2019 an ɗaga wa ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba kuɗin rajista, masta ya koma yuro 3,770 a shekara, daga baya ma ya ɗan ƙaru, ko da yake wasu jami'o'in kan yafe wani kaso. Yuro ɗaya kimanin sefa 656 ne, kun ga wajen miliyan 2 da rabi kenan kowace shekara. A shekarun baya kuma, kafin a bada biza sai ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 na kowane wata, wato kimanin jikka 400. Ku haɗa wata 24 da rajistar shekara biyu, za ku ga an doshi miliyan 15, ba a sa kuɗin jirgi ba. Ga wata kuma: Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon Janairun 2024, saboda haka neman biza ya koma sai an bi ta wata ƙasa, da kuɗin mota da na masauki da jira.

Shi ya sa idanu suka fi komawa wasu wurare. A Maroko akwai babbar cibiyar koyon yawon buɗe ido da otel ta birnin Tanja, wadda ke aiki tun 1972, ana karatu da Faransanci, kuma hukumar AMCI ta ƙasar na ba ɗaliban Afirka burs, har da ƴan Nijar. Turkiyya ma na da burs na gwamnati da ake nema ta intanet a farkon kowace shekara, sai dai yawanci za a fara da shekara guda ta koyon harshensu. Makarantar Vatel, mai zaman kanta, na da rassa a Afirka kamar Dakar, Marakesh, Tunis da Kigali. A gida, maganar burs na hannun hukumar ANAB, can ya kamata ɗalibi ya fara zuwa da ƙafarsa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai "fitar" da burs ta bayan gida, ku rabu da shi.

Akwai kuma hanya mai arha da mutane ke rainawa. A jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, cibiyar IUT na da sashen tafiyar da otel da yawon buɗe ido, ga kuma tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Wanda ya yi masta na gudanarwa a gida, yana kuma aiki a wani gidan abinci da maraice, zai samu babban kaso na lissafin nan da muka zana, da kuɗin da bai kai na jirgi da biza ba.

Wani abu da iyaye kan ji daga baya su damu, gara su ji shi tun yanzu: a makarantun Turai, sanin giya da hidimarta na cikin darasi, naman alade ma na shiga kicin, kuma a lokacin sitaj ba kai ke zaɓen abin da za ka ɗauka ba. Wasu makarantun kan yi wa ɗalibi uzuri wajen ɗanɗanawa. Yaro ya rubuta ya tambaya kafin a biya ko dala.

Sai maganar takardar kanta, kuma a nan ne aka fi yin kuka. Ba duk abin da aka rubuta wa "masta" ko MBA ne gwamnati ta sani ba. Makarantu masu zaman kansu da yawa na bada takardar kansu, mai kyawun gani, da hatimi da zinariya, amma ranar da aka kai ta neman aikin gwamnati ko neman shiga dokta sai a ce ba a san ta ba. A ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, ita ce ke tantance takardun manyan makarantu. Abin tambaya shi ne ko wannan diflom ɗin, da sunansa, na cikin waɗanda aka amince da su, don makaranta ɗaya kan iya samun amincewa a wani fanni ta rasa a wani. Ɗan uwa da ke ƙetare, kai da za ka aiko da kuɗi, wannan binciken bai fi ƙarfinka ba, da wayarka za ka yi shi.

Bayan an dawo

A 2019, da Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka a watan Yuli, an buɗe manyan otel irin su Radisson Blu, Noom da Bravia, matasa da dama suka ga kamar ƙofa ta buɗe. Ta buɗe ɗin, amma manyan otel a ƙasar nan ana ƙirga su da yatsu, kowane kuma shugaban sashen abinci ɗaya yake ɗauka. Cinikinsu ya dogara da baƙi da tarurruka, abin da ke hawa ya sauka da yanayin ƙasa, kamar yadda kowa ya gani bayan Yulin 2023 da aka rufe iyakoki aka sa takunkumi.

Inda muke ganin aikin ya fi zama shi ne ciyar da jama'a masu yawa kullum. Gidajen abincin ɗalibai na jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Kicin ɗin asibitoci. Ciyar da yara a makarantun karkara. Sansanin ma'aikatan haƙar ma'adinai da na man fetur, daga Arlit zuwa Agadem da matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram. Sai masu ɗaukar kwangilar abincin biki da taro. Waɗannan wurare ba su da ƙyalƙyali, ba a ɗaukar hoto a cikinsu a sa a Facebook, amma tukunya na hawa kowace rana, kuma suna bukatar wanda ya iya saye da yawa, ya iya ajiya, ya iya rubuta rahoto. Akwai kuma koyarwa, tun da makarantun sana'a na bukatar malamai masu babbar takarda.

Wanda kuwa burinsa shi ne ya buɗe nasa gidan, sai ya zauna ya yi wa kansa lissafin da ake koyarwa a karatun. Miliyan 15 ɗin nan, ko ma rabinsu, sun isa a kama wuri, a sayi firigo da murhun gas da kujeru, a yi rajista a Maison de l'Entreprise, a kuma ajiye na juyawa na wata shida. In an kashe su a karatu, yaro zai dawo da ilimi, jari kuwa babu, sai a sake buga wa yaya waya. Ga irin wannan, gajeren horo na wasu watanni a kan lissafi da tsabta, irin wanda asusun FAFPA ke tallafa wa masu sana'a, ya fi kusa da bukatarsa.

Akwai kuma maganar da ba a so a faɗa a fili. A ƙasar Hausa, namiji da tukunyar tuwo abin zunɗe ne har yanzu, alhali ba wanda ke zunɗen mai shayi ko mai tsire ko mai kilishi, kuma cikinsu akwai waɗanda suka gina gida suka je Makka da wannan sana'a. Ita mace kuma, matsalarta lokacin tashi ne: gidan abinci na otel ba ya rufewa sai dare ya raba, ranar Salla ma ana aiki. Waɗannan abubuwa ne da iyali, da mijin da za ta aura ko wanda ta aura, ya kamata su zauna a kansu tun kafin tafiya, don an sha ganin takarda ta ƙare a cikin akwati saboda ba a yi wannan zaman ba.

To wa ya dace ya tafi? A ra'ayinmu, wanda ya riga ya yi aikin. Yaron da bai taɓa tsayuwar awa 10 a kicin ba, bai taɓa wanke tukunyar mutum 200 ba, mai saye bai taɓa ɗaga masa murya ba, in ya dawo da masta aka ɗora shi kan mai dahuwar da ta shekara 20 a bakin wuta, kwana uku ya isa ta gane bai san komi ba, daga nan kuma ba mai jin maganarsa. Makarantun kirki su ma sun san haka, shi ya sa da yawansu ke duba inda mutum ya taɓa aiki kafin su karɓe shi.

Saboda haka, Baba, in yaronka ya zo da wannan magana, ba sai ka ce masa a'a ba, ba sai ka ce i ba. Ka ce ya je ya yi shekara guda yana aiki a wani gidan abinci ko otel, a Yamai ko nan cikin gari, ko da albashin kaɗan ne. Ya riƙe littafi yana rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita. A cikin shekarar ya nemi burs, ya samo sunan makaranta da sunan diflom da shaidar cewa an amince da shi, ya kuma kawo sunayen wurare uku da ke ɗaukar masu irin wannan takarda. In shekara ta zagayo ya dawo da littafin da takardun, kuma har yanzu yana so, sai a kira yayansa a waya a yi maganar kuɗi.